Damin aro: tarihin wani manomi da bashin da ya bar mana

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ta



Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, wakilan iyayenmu sarakuna, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka tsallako daga Jibiya da Katsina da Kano, dillalai, direbobi, masu canji, da samarinmu masu ɗora kaya da saukewa, ina yi wa kowa barka da zuwa, da barka da ganin wannan rana.

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan tushen wannan sana'a tamu. Da na bi abin da aka saba, sai in jero muku sunayen madugai da manyan attajirai. Amma na zaɓi in ba ku tarihin mutumin da bai taɓa riƙe sikeli ba, bai taɓa buɗe shago ba, ya rayu manomi ya rasu manomi. Kakan mahaifina ne. A gidanmu ba a kama sunansa, Tsoho ake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Labarin daga bakin ɗansa na ji shi, wato kakana, wanda aka yi tafiyar da shi yana yaro. Na tabbata kafin in gama da yawanku za ku ce ai wannan labarin gidanmu ne, don kusan kowane gida da ke cikin wannan ƙungiya yana da nasa Tsohon.

An haifi Tsoho a wani ƙauye cikin kwarin Gulbin Maraɗi, tun kafin zuwan Nasara. Ku tuna yadda ƙasar take a lokacin. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunanta na da suka yo arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautar a Maraɗi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina muke ce wa sarkinmu. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana kai hari ana ramawa tsakanin wannan ɓangare da wancan. Wanda ya san sunan Ɗan Baskore ya san abin da nake nufi. Saboda haka talaka ba ya iya nisa da ganuwa. Mutane suka cunkushe cikin kwari, kusa da kurmin da za a ɓuya in an ji kuwwa, alhali ga jigawa nan shimfiɗe ta arewa babu mai noma ta.

Da yaƙe-yaƙe suka lafa bayan shigowar Faransawa, sai magidanta suka fara fita sarar daji. Yawancin garuruwan da ke arewa da nan masu suna Gidan Wane da Garin Wane da Ɗan Wane a wannan zamani aka kafa su. Tsoho da ƙanensa suna cikin waɗanda suka fita. Wannan ce ƙaurarsa ta farko. Suka sami wuri mai gawo da kalgo, suka yi sassabe, suka yi toyi, suka haɗu da wasu magidanta suka haƙa rijiya. Kakana ya ce sai da aka ci rani biyu kafin a tad da ruwa. Suka kafa gandu ɗaya, kowace mace da kowane saurayi kuma aka yankar masa gayauna, wadda mu nan muke ce wa gamana. Ƙasa sabuwa ce, gero ya yi kyau, har suka fara ajiye rumbun tsimi.

Ana cikin haka, tsakanin 1906 da 1908, Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Babu wanda ya tambayi Tsoho. An wayi gari kawai an ce masa dangin mahaifiyarsa da ke kudu yanzu mutanen wata ƙasa ne. Abin da ya fi damunsa shi ne abin da ya biyo baya: haraji, wanda tsofaffi ke ce wa bodo, ana ƙirga kai ana biya, ga kamun 'yan dako, ga aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Rumbun tsimin da aka tara don baƙar shekara, shi aka riƙa ɓarkewa ana biyan bodo.

Sai ga daminar 1913. Ruwa ya makara, aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa. Wanda ya ɗaure dami ɗari bara, bana bai ɗaure goma ba. Yunwar da ta biyo baya a 1914 ita ce Kakalaba, kuma ba ƙasar nan kaɗai ta ci ba, ta ci Damagaram, ta ci Katsina da Daura da Kano. Mutane suka ci tafasa da jiga, suka jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, suka sussuke ƙarangiya, suka tone gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi.

A nan ne Tsoho ya yi abin da ya sa nake tsaye gabanku yau. Bai jira bazara ba. Ana gama ɗan girbin da aka samu, ya shiga rumbu ya ƙirga dammuna, ya ƙirga bakunan da ke gidan, ya ga hatsin ba zai kai su ko tsakiyar rani ba. Ya kira ƙanensa ya ce masa: “In muka zauna duka, za mu mutu duka. In muka tashi duka, rijiya da gona sun zama na wani. Kai ka zauna da matarka da tsohuwa, hatsin nan zai ishe ku ku kaɗan. Ni zan tafi da masu yawa tun jaki yana iya ɗaukar kaya.” Maƙwabta suka yi masa surutu, suka ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, suka ce magidanci ba ya gudu tun ba a ga abin gudu ba. Da yawa daga cikin masu wannan magana sun tashi daga baya, cikin zafin bazara, ƙafa ba ƙarfi, jaki ya mutu, kuma ba duka suka isa inda suka nufa ba.

Suka tashi da asuba, shi da matansa biyu da 'ya'ya shida, da jaki ɗaya da 'yan awaki. Cikin kayan akwai wata gora da aka toshe bakinta da laka, cike da irin geron zango. Kakana ya ce sun kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, gorar nan tana rataye a gabansu, amma Tsoho ya ce wanda ya taɓa ta ya taɓa shekara mai zuwa. Suka biyo kwarin Gulbi, suka wuce ta Ɗan Isa da Jibiya, hanyar nan da tirelolinmu ke bi yau cikin sa'a ɗaya ko biyu in babu dogon layi. Da suka isa wajen Katsina suka tarar abin da suka gudo shi ne a can, mabarata sun cika ƙofofin gari. Sai suka miƙe kudu, inda aka ce musu ruwa ya ɗan kyauta. Suna tafe suna ƙodago, a yi sussuka a ba su tiya, a yi jiƙon ƙasar gini a ba su fura. Akuya bayan akuya aka sayar. A wannan hanya aka rasa autar gidan, aka rufe ta gefen wani gari, aka wuce.

Bayan fiye da wata guda suka sauka a wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina, wajen Bakori. Ina so ku lura da wannan wuri da kyau. Mutumin da ya fito daga ƙasar Maraɗi a wancan lokaci, ba da farin jini yake isa can ba. Shekarun hare-hare ba su yi nisa ba. A ƙauyen akwai tsofaffin da aka ƙone musu rumbuna, akwai matan da aka kama 'yan'uwansu aka yi arewa da su. Da jin harshen Tsoho an san daga ina yake. In da mutanen garin sun ce ya ƙara gaba, babu wanda zai ga laifinsu.

Amma wani magidanci, manomi kamarsa, ya kai shi gaban mai gari ya ce shi ya ɗauki nauyinsa. Ya ba su zaurensa suka kwana har suka kafa bukkoki. Ya nuna masa wata saura ya ce ya noma, aro, a gaban shaidu. Da damina ta kusa, ya buɗe rumbunsa ya fitar da dammunan dawa ya ba shi. Kun san yadda ake falle: a ba ka dami ɗaya da bazara, ka biya biyu da kaka. Tsoho ya tambaya nawa zai mayar. Mai masaukin ya ce: “Dami ɗaya, dami ɗaya. In Allah bai ba ka bana ba, baɗi.” A gidanmu ba a manta wannan magana ba. Duk yaron da ya tashi sai an faɗa masa ita.

Zama a sabuwar ƙasa sai da koyo. Tsoho ya saba da yashi, inda ake shuka da sungumi a yi noma da hauyar tsaye, mutum yana tafe yana turawa. Can kuwa ƙasa mai nauyi ce, sai an duƙa da garma an yi huɗa. Ga shi magidanci mai furfura, yara suna yi masa dariya don kunyarsa ta karkace. Bai yi fushi ba, ya bi mai masaukinsa gona ya koya. Ya koyi noman dawa kaura da farfara, ya koyi auduga. Geron da ya ɗauko cikin gora kuwa ya shuka shi a wani tudu mai rairayi, ya nuna da wuri, shi ya fitar da su daga yunwa tun dawa ba ta yi kai ba. Maƙwabta suka zo neman irin, ya ba su. Cikin shekara biyu ya biya dammunan da aka ara masa. Daga baya ya aurar da 'yarsa ga ɗan mai masaukin, gida biyu suka zama ɗaya.

To, ina fatauci ya shigo? Ta ƙofar zumunci ya shigo. Da Tsoho ya ga ƙafarsa ta tsaya, hankalinsa ya koma kan ƙanensa da tsohuwarsu. Da rani ya yi, ya ɗora wa jaki dawa da 'yan ƙoren fari da barkono da daddawa, ya ce wa babban ɗansa da kakana su je su dubo gida. Suka tarar tsohuwa ta rasu cikin yunwar, amma ƙanen yana nan, rijiya tana nan, gona tana nan. Da za su komo, baffansu ya haɗa musu tsaraba: kanwa, da gishirin da Buzaye ke saukowa da shi daga Bilma, da 'yan jajayen awaki. Suna isa kudu maƙwabta suka yi ca a kan kanwa da gishiri, kowa yana so a sayar masa. Rani na gaba jaki biyu suka kora. Na gaba da shi biyar. Tsaraba ta zama haja.

Ku duba abin da ya sa cinikin ya tsaya da ƙafarsa. A kowane ƙarshen hanya akwai gida. Akwai inda za a sauke kaya ba tare da tsoro ba, akwai wanda zai faɗa maka gaskiyar farashi, akwai wanda zai karɓar maka bashi in ka tafi, akwai wanda zai tsaya maka gaban mai gari in rigima ta taso. Jarin da kakana ya fara da shi ke nan, kuma ba shi ya tara shi ba. Uban da ya raba iyalinsa biyu da baƙon mutumin da ya buɗe zaurensa, su suka tara masa.

Sauran labarin kun san shi, don na kowa ne. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya buɗe cinikin gyaɗa. A 1929 wani layin ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda, auduga ta sami hanya. Gyaɗa ta hau arewa, kantunan Turawa suka buɗe a Maraɗi. Da ambaliyar 1945 ta rushe tsohon gari aka hau tudu, kakana yana cikin waɗanda suka sami fili, ya dawo da zama nan, yayansa ya ci gaba da riƙe gidan kudu. Jaki ya ba raƙumi wuri, raƙumi ya ba mota. Tsoho kuwa bai taɓa bin ayari ba ko sau ɗaya. In 'ya'yansa suka kawo masa riba sai ya ce a sayi hatsi a zuba a rumbu, a sayi saniya. Kuma ya kafa doka a gidansa: duk baƙon da ya sauka da iyali, ba a tambayarsa yaushe zai tashi.

Mu da muke wannan sana'a mun ga ranar wannan gado. A watan Afrilun 1984 Najeriya ta rufe iyaka ta kuma canza kuɗi, ga fari ya zo a shekarar, har mutanenmu suka sa wa yunwar suna 'Yar Buhari. Ba a buɗe ba sai a 1986. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufewa a 2023 har cikin 2024. A kowane karo, wa ya riƙe maka kuɗinka da suka maƙale a can? Wa ya ajiye maka kaya wata da watanni bai taɓa ko buhu ɗaya ba? Takardar kwastan ko ta duwan ba ta yi maka wannan ba. Ɗan'uwa ne ya yi, ko mai masaukin da ubanka ya gada daga ubansa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ɗauko wannan tarihi yau. Tafiyar da Tsoho ya yi, ana yin ta a kan idonmu, sai dai ta juya. Tun daga 2019 dubban manoma daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakowa jihar Maraɗi, suna gudun 'yan bindiga. Sun cika ƙauyukan Gidan Rumji, an zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu kuma 'yan ƙasar nan ne da suka bar garuruwansu na bakin iyaka. Mutane ne masu gandu da rumbu da shanun huɗa, yau ga su da tabarma da tukunya. Talakawan ƙauye sun yi nasu, sun raba ɗaki da tuwo da su tun kafin wata hukuma ta iso. Tambayar ita ce, mu 'yan kasuwa, jikokin masu gudun Kakalaba, me muka yi?

Ina roƙon ƙungiya abubuwa huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko ya shafi ciniki. Mai gudu yana isowa kasuwa da 'yar akuyarsa ko sansa ɗaya da ya tsira da shi, kowa ya san ba shi da ƙarfin cewa albarka. A nan ake gane ɗan kasuwa na kirki. Mu ja kunnen dillalanmu da yaranmu, a saya a kan farashin ranar, kada a haɗa baki a karya masa.

Na biyu ya shafi hatsi. Masu sito a cikinmu, ku ware wani abu kafin faɗuwar damina, a ba da shi aron iri da na ci, tiya ɗaya a mayar da tiya ɗaya. Sadaka tana da ladarta, amma manomi ya fi son a ara masa ya biya, don wanda ya biya bashi yana ɗaga kai a cikin gari.

Na uku ya shafi gona. Da yawanmu mun sayi gonaki a bayan gari mun bar su saura muna jiran su yi tsada. A ba da aronsu. Na san abin da ake tsoro, kada aro ya zama gado, a ƙare a gaban alƙali. Maganin wannan tsoho ne: a je gaban mai gari, a kira shaidu, a rubuta shekarun da aka yi alkawari, kowa ya riƙe takardarsa.

Na huɗu ya shafi samari. Saurayin da ya tashi a gona ya sami kansa zaune babu aikin yi, kun san masu zawarcinsa. Kowane mai shago ko mai mota da ke da hali ya ɗauki ɗaya, ya koya masa awo da lissafi da hanya. Yawancinmu a haka muka fara, yaran wani.

Akwai wanda zai ce, Alhaji, zamani ya lalace, cikin masu zuwa akwai 'yan leƙen asirin ɓarayi. Wannan magana ba a raina ta, don mu ma an tare mana motoci, an ɗauke mana mutane. Ba na cewa a rufe ido. A bi ta hannun masu gari da hukuma, a san wanda ya san mutum, kamar yadda muke yi kafin mu ba wani kaya bashi. Sai dai ku tuna mai masaukin Tsoho yana da dalilin tsoro da ya kai namu, ya kuma bi hanyar da ta dace, ya kai baƙonsa gaban mai gari ya tsaya masa. Da ya bi tsoronsa, da babu gidanmu, da babu motocin da ke ɗauke da sunan gidanmu.

Ga matasan ƙungiya kuma, ku da kuke aika kuɗi ta waya kuna karɓar hoton kaya ta WhatsApp, ina da roƙo ɗaya. Ku zauna da tsofaffin gidajenku tun suna raye, ku tambaye su daga ina aka taso, wace shekara, wa ya sauke ku. Ku rubuta. In gidan da ya sauke kakanninku yana nan, ku je da ƙafarku ku gaishe su, don zumunta a ƙafa take. Wataƙila ku tarar yau su ne ke neman zaure.

Ina ba shugaba shawara, kafin mu watse a naɗa mutum uku ko huɗu da za su zagaya su rubuta abin da kowa zai iya bayarwa, hatsi ko gona ko gurbin yaro, a kawo mana bayani a taro na gaba tun ruwa bai sauka ba.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, waɗanda suka yi tafiya da waɗanda suka sauke su. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu biyu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa. Allah ya maimaita mana.